RA'AYI: Daba Makaranta Ce, Zango Ya Tsare 'Ya'yansa

Duk wanda ya daɗe a Kurmi ya san wannan zance. Yaro ya gagari iyayensa a Kano ko Zariya ko Gombe, an kai shi gaban mai unguwa ya ƙi ji, 'yan sanda sun fara zarya a ƙofar gida, sai a yi shawara cikin dare a ɗora shi bisa motar shanu ko ta albasa, a ce ya tafi wajen kawunsa a Agege ko Sabon Badun ya koyi neman kuɗi. A nan Kudu kuma, yaron da aka haifa a Idi-Araba ko Mile 12 ya fara kwana a waje, idonsa ya fara ja, sai uban ya ce a mai da shi gida Arewa ya sami tarbiyya. Motocin nan biyu sukan gilma wa juna a gadar Jebba ko ta Lakwaja, kowace tana ɗauke da yaron da ake zaton canjin gari zai gyara shi. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai labari ya zo, na farko yana tsare a ofishin 'yan sanda, na biyu kuma ya dawo da tabon sara a goshi.

Dalili kuwa shi ne abin da ke lalata yaran nan yana da reshe a kowane babban gari. Makaranta ce sosai, da malamanta, da azuzuwanta, da harshenta, da hanyar ƙarin girma, har da masu ɗaukar nauyinta. A Kano sunanta daba. A Bauci ana ce wa ɗalibanta 'yan sara-suka, a Gombe 'yan kalare, a Katsina ƙauraye, a Yola 'yan shila. A Ikko da Badun ga eriya-boyis, ga yaran tasha, ga 'yan ƙungiyoyin asiri. Wanda ya yi aji biyu a can, in ya sauka a nan, aji uku zai shiga, ba ya bukatar takardar shaida.

Yana da kyau a waiwayi asalin abin, domin mutane da yawa suna ɗauka jiya ya fara. Ita kalmar daba daga bakin mafarauta ta fito, watau wurin da suke taruwa su yi sansani. A da, in an gama aikin gona rani ya shigo, samarin unguwa sukan fita farauta da karnukansu da gorori da wuƙaƙe, kowace unguwa da shugabanta da makaɗinta. In kare ya kama zomo ko gada, aka yi gardamar wanda ya riga, nan take faɗa ke tashi tsakanin unguwa da unguwa, a dawo gari da gaba, a jira baɗi a rama. A gefe guda kuma ga 'yan tauri, masu shan maganin ƙarfe, waɗanda in an buga musu ganga sukan fito fili suna kirari suna gurza wuƙa a ciki da wuya don a ga ba ta kama su. Jama'a suna kallo suna tafi, yara suna bin su a baya, 'yan mata suna guɗa. A wancan zamani akwai iyaka. Sarkin dawa yana da magana, mai unguwa yana da magana, faɗan daji yakan tsaya a daji galibi, kuma ɗan tauri da safe maƙeri ne ko mahauci ko manomi. Amma tun a lokacin an riga an shuka irin da ake girbe yau, watau cewa namiji shi ne wanda ƙarfe ba ya ci, wanda ba ya gudu, wanda in an taɓa ɗan unguwarsu ba ya tambayar wa ke da gaskiya.

Siyasa ce ta ɗauko wannan jarumtaka daga daji ta kawo ta tsakiyar gari, ta kuma sa mata farashi. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, NPC kuma ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sai kowane ɓangare ya ga yana bukatar ƙarti masu tsare lacca da raka manya. Nan aka sami 'yan banga. A Kano har wata ƙungiya ta fito a gefen NPC wadda aka sani da Jam'iyyar Mahaukata, aikinta tarwatsa taron abokan hamayya, su kuma 'yan NEPU suka tanadi nasu samarin don kare kai da ramuwa. Daga ina aka ɗebo waɗannan mutane? Daga cikin 'yan farauta da 'yan tauri mana, don su ne ba su tsoron jini. Ranar da ɗan tauri ya fara karɓar kuɗi da alkawarin cewa in an kama shi za a yi belinsa, ranar ce wasa ya koma sana'a.

A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, abin ya ƙara ƙamari. Ga NPN ga PRP, sa'an nan ita PRP ta dare biyu, santsi da taɓo, kowa da zugarsa. Mutanen Kano ba su manta da ranar 10 ga watan Yuli 1981 ba, lokacin da tarzoma ta tashi bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Da soja suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, iyayen gidan 'yan banga suka watse, wasu suna kurkuku, wasu sun tsere. Yaran fa? An bar su da makamai da shaye-shaye da sabon cin banza, ba albashi. Sai suka juya kan unguwa. A cikin shekarun 1980 ne Kano ta sha fama da 'yan ɗaukar amarya, masu sace mata da 'yan mata da ƙarfin tsiya su yi musu fyaɗe. Sai kuma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, daga baya masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Kakuri suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, aikin da saurayi zai shiga ya bar yawon banza ya yi ƙaranci.

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, tsohuwar kasuwa ta sake ci. 'Yan kalare sun yi tashe a Gombe wajen zaɓen 2003, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba su babi a rahotonta na 2007 kan yadda 'yan siyasar Nijeriya ke hayar 'yan ta'adda. A Barno a wannan lokaci an yi 'yan Ekomog. Ko'ina labarin ɗaya ne, a ɗauke su kafin zaɓe, a watsar da su bayan rantsuwa, su kuma su ci gaba da karɓar albashinsu daga aljihun talaka, yau ƙwacen waya, gobe fasa shago. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Duk ɗan siyasar da ya taɓa raba wa yara kuɗin ƙwaya a daren zaɓe ba shi da bakin da zai yi Allah wadai da daba a rediyo.

To, yaya yaro ke shiga wannan makaranta? A nan ne ya kamata iyaye su buɗe kunne, domin ba a fara wa yaro da wuƙa. Ana fara masa da aike. Ɗan shekara goma ko sha biyu yana wucewa ta kangon da manyan ke zama, ko bayan makarantar firamare, ko gindin gada, sai a kira shi a ce ya sayo sigari, canjin nasa ne. Gobe a ce ya tsaya a bakin lungu, in ya ga motar 'yan sanda ya yi fito. Jibi a ba shi ƙunshi ya kai wani wuri, don ba a cika caje ƙaramin yaro ba. Wata rana wani ya mare shi a makaranta ko a wajen ɗiban ruwa, ya zo ya faɗa, sai manyan su tashi su je su rama masa. Ran nan yaron ya ga abin da bai taɓa gani a gidansu ba, watau wasu sun tashi tsaye saboda shi. Uban da ke fita tun asuba ya dawo bayan lisha, wanda ba ya magana da ɗansa sai in zai yi faɗa, da wuya ya yi takara da wannan.

Daga nan sai a raɗa masa suna. Sunan yanka ya koma na gida kawai, a waje kuwa sai a kira shi da sunan wata dabbar dawa, ko na makami, ko na wata masifa, ya riƙa jin kansa yana kumbura. Sai ya koyi maganarsu ta kurman baƙi wadda babba ba ya ganewa, da irin tafiyarsu, da irin askinsu, da yadda ake soke ɗanbida a ƙugu ba a gani. Sai a ba shi abin sha. A da wiwi ne da sholisho da gadagi, daga baya roci ya shigo, da tiramol, da maganin tari mai kodin, wanda sai a watan Mayu 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi, bayan tashar BBC ta nuna irin ɓarnar da yake yi. Amfanin ƙwaya a daba biyu ne, tana cire wa yaro tsoro da tausayi, sa'an nan tana ɗaure shi, don kullum sai ya nemo kuɗinta. Jarrabawar fita ita ce ranar da za a tafi faɗan unguwa, ko rakiyar ɗan takara, ko bin hawan salla, a ga ko zai iya sara. In ya sara ya zama cikakke. In an kama shi ya yi wata shida a gidan kaso, ya fito da ƙarin daraja, ana yi masa barka kamar wanda ya dawo daga Makka. Ba banza ba hukumomin Kano suka sha hana fita farauta da kiɗan gangi da tashen azumi, don sun san a nan ake baje kolin wannan daraja, a nan ƙanana ke ganin wanda za su kwaikwaya.

Masu cewa talauci ne kaɗai ke kawo daba su dubi 'yan ga-ruwa da masu shayi da 'yan dako da masu gyaran takalmi da ke cike da titunan Ikko. Talauci ya yi musu katutu, suna kwana a rumfa ko a baranda, amma dubbai daga cikinsu ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba, suna tara taro da sisi suna aikawa gida. A cikin 'yan daba kuwa akwai 'ya'yan masu hali, waɗanda abinci bai taɓa yanke musu ba. Talauci yana share fili, gaskiya ne. Amma abin da ke jan yaro shi ne suna, da kariya, da jin cewa shi ma wani ne, a kuma ji tsoronsa.

Kada kuma wani ya ɗauka Kudu ta tsira, ko kuwa 'yan Arewa ne suka kawo mata wannan ciwo. Tun zamanin Turawa, daga shekarun 1930, Ikko da Badun suna da yaran da ake kira jaguda, masu yankan aljihu a kasuwa da tashar jirgin ƙasa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka yi boma-boyis masu bin sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa suna kai su gidajen giya da na karuwai suna damfararsu. Yawan yaran titi ne ya sa Turawa suka yi dokar yara da matasa ta 1943 a Ikko. Bayan yaƙin basasa bindiga ta yawaita, fashi ya zama ruwan dare, gwamnatin soja ta yi dokar harbe 'yan fashi a 1970. An harbe Ishola Oyenusi a bakin teku, a Bar Beach, a watan Satumba 1971, dubban mutane suna kallo. An harbe Lawrence Anini a Binin a watan Maris 1987. Abin lura a nan shi ne harbin bai kashe sunansu ba, yara suka ci gaba da ba da labarinsu kamar na jarumai, ana ƙara gishiri, ana cewa suna ɓacewa, harsashi ba ya cin su. Ashe maganin ƙarfe ba a Kano kaɗai ake sayar da shi ba.

Yau a tashoshin motar Ikko ga agbero suna karɓar kuɗi daga direbobi, mutum ya ga wanda jiya yake rataye a ƙofar mota yau ya gina bene yana zama da manyan 'yan siyasa. Wace lacca ce za ta fi wannan shiga kan yaro? Ƙungiyoyin asiri kuma, waɗanda tushensu ke komawa ga wata ƙungiyar ɗalibai da aka kafa a Kwalejin Jami'a ta Badun a 1952 ba don ta'addanci ba, sun rikiɗe, sun haifi irin su Eiye da Aiye, sun sauko daga jami'a zuwa sakandare da gareji da lungu. Mutanen Agege sun san yaran Awawa, masu fitowa garke guda su share layi. Mutanen Ikorodu ba su manta da Badoo na 2016 da 2017 ba. Lokacin kullen cutar korona a 2020 mutane sun kwana a titi suna ƙona tayoyi suna gadin unguwa saboda tsoron yaran da ke kiran kansu One Million Boys.

Yaron Zango yana tsaye ne tsakanin waɗannan makarantu biyu. Wanda aka haifa a nan yana jin Yarabanci kamar Bayarabe, abokan wasansa 'yan gari ne, ƙungiyar asiri ba ta tambayar ƙabila in tana neman sabon hannu. Wanda ya sauko daga Arewa kuma ya zo da nasa karatun, ya tarar da 'yan garinsu a ƙarƙashin gada ko wajen jari-bola ko mayanka, su buɗe reshe. In biyun suka haɗu, ɗaya ya san gari, ɗaya ya san wuƙa.

Abin tambaya shi ne, me ya sa a da ba haka abin yake ba, alhali Hausawa sun fi shekara ɗari a Kurmi? An kafa Sabon Badun tun 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen Sabo ya kuma fitar da littafi a kansu a 1969, ya bayyana yadda cinikin goro da na shanu ya tsaya a kan masu gida. Baƙo ba ya sauka sai a hannun maigida. Maigida ne ke ba shi masauki da abinci, shi ke tsaya masa a ciniki, shi ke riƙe masa kuɗi. Yaron da ya zo neman arziki yakan shiga ƙarƙashin wani maigida, ya fara da ɗaukar kaya da aike, ya zama ɗan kamasho, ya zama dillali, in ya nuna amana maigida ya yi masa aure ya ba shi jari. Jarin Zango duka amana ce, domin shanun dubban fam ake bayarwa bashi da baki kawai, ba takarda. Saboda haka ɓarawo ko mashayi ba shi da wurin zama, Sarkin Hausawa yana iya sa a kore shi daga unguwa, kuma ba wani Zango da zai karɓe shi, don labari ya riga shi isa. A lura da kyau, abin da daba ke ba yaro yau, watau uban gida da suna da kariya da matakin hawa, shi ne Zango ke ba shi a da, ta hanyar halal.

Wannan tsari ya yi rauni. Yanzu tirela ɗaya takan sauke samari hamsin a bakin hanya da asuba, ba wanda ya san sunan ɗayansu, ba wanda ya aiko su wurin kowa. Da yawa sun gudo ne daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tasa, ko daga Barno da Yobe. Babur ya riƙe dubbai daga cikinsu, sai Gwamnatin Jihar Ikko ta taƙaita acaɓa a watan Fabrairu 2020, ta kuma hana shi ɗungum a wasu ƙananan hukumomi shida daga watan Yuni 2022, aka kama babura aka murƙushe. Gwamnati tana da hujjarta ta haɗari da tsaro, amma ba a tanadi komai ba domin saurayin da aka raba da abin cinsa rana ɗaya. Wanda ke jiransa da hannu biyu shi ne mai sayar da ƙwaya.

Ga baƙo kuwa, haɗarin ya ninka na ɗan gari. In ɗan gari ya yi sara, shi kaɗai ake nema. In ɗan Zango ya yi, sai a ce Hausawa sun yi. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Mazauna Kurmi sun ga Shagamu a watan Yuli 1999, da ramuwar da ta biyo baya a Kano kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sun ga Ketu a watan Nuwamba na wannan shekara, da Idi-Araba a Fabrairu 2002, da Mile 12 a Maris 2016, da Sabon Ile-Ife a Maris 2017, da kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairu 2021, inda cacar baki tsakanin mai ɗaukar kaya da wata mai shago ta ƙare da gawawwaki da ƙonannun rumfuna, har sai da gwamnonin Arewa huɗu suka taso suka zo Badun. Ba a ce 'yan daba ne suka haddasa waɗannan duka ba, kowane da dalilinsa, kuma sau da yawa baƙi ne suka fi kwana ciki. Amma a kowane ɗaya, abin da ya mai da faɗan mutum biyu ya zama yaƙin unguwa shi ne samuwar zugar samari a ɓangarorin biyu, waɗanda makamansu ke kusa, ƙwaya na kansu, kuma hargitsi a wurinsu ranar kasuwa ce. In ƙura ta lafa su sun haye mota ko sun shige lungu. Mai tumatir da ya shekara talatin yana tara jari shi ke tsayawa a kan toka.

A nan ne tilas a faɗa wa shugabannin Zango gaskiya, ko da ba daɗi. Akwai wata al'ada da ta shigo ta ɓoye mai laifi da sunan 'yan'uwantaka. Yaro ya yi ƙwace, 'yan sanda sun zo, sai a ce ba a san shi ba, ko a haɗa kuɗi a fanso shi cikin dare, ko a sa shi a motar da za ta koma Arewa. Wasu kuma suna ganin gara a bar irin waɗannan yara a kusa, wai ranar da rikici ya tashi su ne za su tsare unguwa. Wannan shi ne ainihin lissafin da 'yan siyasar 1950 suka yi, an kuwa ga inda ya kai Kano. Wanda ya kiwata kura don ta tsare masa awaki, ranar da ba ɓarawo awakin za ta ci. Ba a musun cewa 'yan sanda sukan yi kamen kan mai uwa da wabi, su kwashe masu gadi da masu shayi su ce 'yan fashi ne, kuma wajibin Sarkin Hausawa ne ya tsaya wa wanda aka zalunta. Amma maganarsa ba za ta yi nauyi a ofishin 'yan sanda ba sai in an san cewa shi da kansa yakan miƙa mai laifi.

Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo da Shasha da Shagamu da sauran wurare, tare da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari da limamai, suna iya dawo da abin da kakanninsu suka yi ba tare da jiran gwamnati ba. Duk saurayin da ya sauka a rubuta sunansa da garinsu da wanda ya tsaya masa. Wanda ba shi da kowa a nema masa maigida, ko a kasuwa ko a gareji ko wurin tela. Mai sayar da ƙwaya a cikin unguwa kowa ya san shi, har yara sun san rumfarsa, ga kuma hukumar NDLEA tun 1989 aka kafa ta domin irinsa. Kawun da aka aiko wa yaro daga gida ya tambayi dalilin aikowar tun kafin mota ta taso, in kuwa ba zai iya sa ido a kansa dare da rana ba ya faɗa tun da wuri, kada kunya ta sa ya karɓi abin da zai ƙone masa gida. Iyayen da ke Arewa su ma su daina ɓoye wa 'yan'uwansu halin yaron da suke turowa.

Ita kuma hukuma, kame da ɗauri kaɗai an gwada su shekara da shekaru. Yaro ɗan sha biyar da aka kama da laifin farko, in aka zuba shi ɗaki ɗaya da gaggan 'yan fashi yana jiran shari'a, an biya masa kuɗin shiga jami'ar ɓarayi ke nan. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta tanadi a yi wa yaro shari'a dabam da manya, amma gidajen horon yara na Gwamnatin Tarayya da aka daɗe da sani uku ne, na Kaduna da na Ilori da na Abekuta, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200. Rashin wurin kirki ne ke tura iyaye gidajen mari, an kuwa ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, cikinsu har da ƙananan yara. A 2023 rundunar 'yan sandan Kano ta gwada wata hanya, ta karɓi tubar 'yan daba masu yawa, suka ajiye makamai, har aka ɗauki wasu aikin 'yan sandan sa-kai, abin da ya jawo surutu ƙwarai. Kiran tuba abu ne mai kyau. Sai dai tubabben da ya koma kangon da ya baro, ba sana'a, ba jari, tsoffin abokan gaba suna jiransa, mai ƙwaya yana nan, ɗan siyasa kuma zai dawo nemansa da zarar an buga gangar zaɓe, ba a yi masa adalci ba in an ce shi kaɗai ya karya alkawari.

Gwamnatocin jihohin Arewa suna da ofisoshi a Ikko. Ma'aikatansu su fito daga ofis su zaga Agege da Mile 12 da Alaba Rago da ƙarƙashin gadoji, su ƙirga yaran jihohinsu da ke kwana a can, su zauna da Sarakunan Hausawa a san wanda za a mayar makaranta, da wanda za a ba maigida, da wanda ke bukatar asibiti don a raba shi da ƙwaya. A yi wannan aiki tun masu neman ƙuri'a ba su riga su zuwa wurin yaran ba.